Asusun Aikin Umma

Litinin, 3 ga Maris
Ina neman takardar haihuwar autana a tsohuwar jaka, sai ga katin asusun da muka buɗe ni da Yaya don aikin zuciyar Umma. Shekara shida ke nan. Na manta da shi sam, ko kuwa so na yi in manta. Kuɗin aikin bai cika ba Umma ta rasu. Muka biya asibiti, dubu sittin suka rage a ciki. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa ni da Yaya ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na biya ta banki bayan an tashi daga makaranta. Layi har bakin ƙofa, na'urar sanyi tana ɗiga a bokiti. Wata mai tabarau ta duba ta ce asusun ya yi barci, saura dubu sha tara. Na ce, "Mai barci dai ba ya cin abinci, wa ya cinye sauran?" Wai kuɗin kula da asusu, kuɗin kati, kuɗin saƙon waya. Wane saƙo? Ko ɗaya ban taɓa gani ba. Na ce a buga mini bayanin asusun kaf, tun daga ranar farko. Ni da nake koyar da lissafi shekara sha biyar za a yi wa wayo?

Alhamis, 6 ga Maris
Na rubuta takardar ƙorafi, shafi biyu. Maigida ya ce, "Kuɗin motar da za ki kashe sai ya fi abin da za su maido." Na ce kuɗin Umma ne, ko sisi ba zan bar musu ba.
Duk yinin yau barandar asibitin nan nake gani. A can na ce wa Yaya da tana zuba nata a kan lokaci da an yi aikin. Ta ɗauki takalman Umma ta sa a leda ta fita. Na ce a raina mara gaskiya ko a ruwa gumi yake.

Talata, 11 ga Maris
Na ga manaja. Mutum mai sanyin baki, irin masu ƙara wa mutum haushi. Za su maido wani abu, amma sai mu biyu mun sa hannu. Ni in je wurin Yaya? Allah ya sawwaƙe. Da na tayar da maganar saƙo sai ya juyo mini da kwamfutarsa, ya ce, "Hajiya, ga lambar da muke turawa." Ta Yaya ce. Ashe har yanzu lambar tana kaina.
Ya ba ni bayanin asusun, shafi sha ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris
Na zauna da jan biro kamar mai duba jarrabawa, in kama ɓarayi.
Yaya: ranar ashirin da takwas ga kowane wata, wata goma, babu fashi. Sau biyu ma da ƙari, ita da ba ta da albashi, sai ɗan sabulun da take sayarwa a gida.
Ni: wata shida, sai shiru. Wata huɗu ban zuba ba. Ni dai ɗaya nake tunawa, watan da muka canja gida muka sayi kujeru, na ce zan cike daga baya.
Abin da ya rage kuɗin aikin ya cika bai kai abin da na tsallake ba. Sau uku na lissafa.

Alhamis, 13 ga Maris
Ban je makaranta ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Likita bai taɓa cewa aikin zai tashe ta ba. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau ɗari, bai shiga ba.
Abin da ya fi ci mini rai, duk kuɗin da ya shiga sai wayar Yaya ta yi ƙara. Wata huɗu tana jiran nawa. Ke nan a barandar nan ta sani. Kalma ɗaya ta ishe ta, amma ta bar ni na ɗora mata, ta ɗauka shekara shida. Wayyo Umma. Wayyo Yaya.
A ƙasa na yini, na kasa zama a kujerun nan.

Alhamis, 20 ga Maris
Da safe na biya ta banki kafin in wuce makaranta. Mai tabarau ta ce, "Anti, an samo sa hannun?" Na ce a ajiye maganar ƙorafin tukuna. Na tambaye ta ko asusu mai barci yana karɓar kuɗi. Ta ce yana karɓa. Na zuba na wata huɗun nan cif.
"Saƙo zai je?"
"Nan take, har da sunan wanda ya zuba."
Ba don komai na yi ba, lissafi ne ba na son in bar shi da giɓi.
Ni da nake ƙwace wayar ɗalibai idan ta yi ƙara, yau tawa a kan tebur ta yini cikin aji, na ƙure mata sauti. Har aka tashi ba ta yi motsi ba. Yanzu ma ga ta nan kusa da littafin nan.