Tawul ɗin Manaja

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya ƙafar? Maigidana da yara suna gaishe ka.

Na rubuto ne tunda ka daina ɗaga wayata. Mai askin da ke jikin shagonka ya kira ni. Ya ce tun da magenka Manaja ta mutu, kullum da safe sai ka goge wani tsohon tawul ka shimfiɗa a gefen tebur, kana magana kai kaɗai, ga kayan mutane jibge suna jiran guga. Ya ce har wani ya yi maka dariya, ka miƙa masa kayansa a jiƙe.

Baba, hankalina ya tashi. A da, in na ce ka dawo wurinmu sai ka ce wa zai riƙe Manaja, tunda ƙaramin ɗana tari yake in ya shaƙi gashin mage. Yanzu wannan uzurin ya ƙare. Ka rufe shagon ka taho. Mun gyara maka ɗaki, kuma akwai likita a asibitin da nake aiki da nake so ya duba ka.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, ta ma fi bakin mai aski lafiya. Ki gaida mijinki, ki ja mini kunnen yaran.

Wato haukacewa na yi, ko? To zauna ki ji yadda haukan ya samo asali.

Shekarar da mahaifiyarki ta rasu, bayan masu gaisuwa sun watse, ke ma kin koma makaranta, wata 'yar mage ta shigo shago a jiƙe, duk ƙashi. Ba ta tsaya ko'ina ba sai kan farar rigar wani da na gama gogewa, saboda ɗumi. Sai da na sake wankin rigar. Na kore ta ta dawo, na sake kora ta sake dawowa. Da na ga ta fi ni taurin kai sai muka yi sulhu: kafin na taɓa kayan kowa, zan goge mata tawul nata, ta kwanta a kai, ta ƙyale mini na mutane. Ba ta taɓa saɓa alƙawarin nan ba. In tawul ya huce sai ta miƙo hannu ta ɗan mari nawa, in sake bi masa da dutsen guga. Wuni take tana kallon aikina da ido ɗaya kamar ita ke biyana, shi ya sa na ce mata Manaja.

Na san ta mutu, Auta. A kan tawul ɗin na same ta da safe, jikinta ya yi sanyi. Ni na haƙa ramin a bayan shago, ni na mayar da ƙasa. Babu abin da ya kwance mini a kai. Ina goge tawul ne don na ga dama, ina yi mata magana don bakina ya saba, kuma ina kewarta har cikin ƙirjina. Ba na jin kunyar faɗi.

Shi kuwa mai jiƙaƙƙun kaya, cewa ya yi, "Haba tsoho, mage ce fa! Je ka bola ka ɗauko wata." Na ce masa shi ma ya je bola ya nemo wani mai guga. Gobe ya dawo zan sake.

Wayarki kuma, duk lokacin da na ɗauka sai ki hau ni da "ka ci abinci, ka sha magani", kamar mara lafiyan gado na ƙarshe. Shagona ba zan rufe ba. Ki gaya wa likitan ya kawo rigarsa, na ga irin gugar da ake yi musu.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

*

Baba,

Barka da war haka, da fatan ka tashi lafiya.

Na karanta wasiƙarka, na yi dariya, daga baya na shiga banɗaki na yi kuka. Amma Baba, ni nake ganin tsofaffin da ake kawo mana bayan an ɓalle ƙofa an same su a ƙasa. Ba na so wata rana mai aski ya kira ni da irin wannan labarin. Kai kaɗai ka rage mini.

Ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Na yi magana da mai ginin, ya ce akwai wanda ke son shagon. Ranar Asabar mota za ta zo ta kwashe kayanka. In mage ce damuwar, maƙwabciyarmu tana da wata mai kyau, ta ce kana iya leƙawa ka gan ta duk lokacin da ka so.

Don Allah kada ka ba direban wahala.

'Yarka mai ƙaunarka, Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Motarki ta zo. Direban yaron kirki ne, na ba shi ruwa ya sha, ga shi nan zai dawo miki da wannan takarda. Ita kaɗai ce kayan da ya samu. Mai ginin ma mun yi magana, ya ce a ba mai son shagon haƙuri.

Tsoronki na ji shi, kuma ban ce ba ki da gaskiya ba. In kina so mu yi zancen tafiyata, ki zo da ƙafarki mu zauna. Amma ki sani, kin nemo likita, kin aiko mota, kin nemo mini magen maƙwabta. Har yau ba ki ce mini "Baba, ya haƙuri?" ba.

Ki fara da wannan.

Babanki