Filin Gindin Giginya

Arlit, 9 ga Agusta

Zuwa ga yayata Balki,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya kasuwa, ya damina? Ni dai lafiya lau nake. Na ba Mutari direba wannan takarda ne don maganar ba ta waya ba ce. Saƙon murya in ya shigo shagonki, har masu sayen manja sai sun ji.

Yaya, shekara goma sha ɗaya ke nan ina kwance ƙarƙashin kamiyon mutane, manyan motocin kaya, a garejin nan. Matata Kadi da yara suna ɗakin haya a Gaya, ina ganinsu sau ɗaya a shekara. Na gaji. Abin da na tara zai isa fili da ɗaki biyu na tubali. Ranar da aka ɗora rufi zan ajiye aiki in dawo gida gaba ɗaya, in buɗe ɗan gareji a ƙofar gidana.

Cikin gari ya fi ƙarfina, sai bayan gari. An ba ni labarin wuri biyu: ɗaya a kan tudu ta hanyar Doso, ɗaya kuma ta hanyar Tunuga, kusa da fadamar kogi. Ki je ki duba mini su. Kowa ya ce fili da damina ake ganinsa, don haka ki jira a yi ruwa mai ƙarfi, washegari ki tafi. Ki tafi da Kadi, ita za ta zauna ciki.

Ki gaida mutanen gida. Na barku lafiya.

Ƙanenki,
Cha'ibu

Gaya, 24 ga Agusta

Cha'ibu,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso, da baƙar maganarka a kan shagona. Zan rama in ka zo.

Na je duka biyun. Na hanyar Doso, tabɗi! Dutse ne zalla, ba famfo, ba rijiya, ba ko bishiyar da akuya za ta fake. Ɗan kabu-kabun da ya kai mu sai da ya tambaye ni ko mun yi wa wani laifi ne. In ka gina can, yaranka za su ƙare rayuwarsu a tura bidon ruwa.

Na hanyar Tunuga kuwa, kai, sai ka gani. Giginya biyar, mangwaro ɗaya, rijiyar maƙwabta igiya gaba biyu ka taɓa ruwa. Kwana uku aka yi ana tafka ruwa kafin mu je, amma wallahi takalmina bai ɗauki laka ba. Ruwan duk ya gangara fadama, filin yana sama abinsa. Mutum uku sun riga sun gina kusa, duk baƙi ne 'yan tireda da suka zo bara.

Matarka dai ban gane mata ba. Ina yaba wuri, ita tana tonon ƙasa da yatsan ƙafa. Ta tsinci wasu ɓawon katantanwa ta ƙulle a bakin zane, ta je ta tsaya tana kallon jikin giginya kamar mai karatu. Na ce, “Kadi, ya kika gani?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaya, da an tambayi Baba.” Na ce yo babanki masunci ne, mu fili za mu saya, ba kifi ba. 

Akwai wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke zagayen wurin yana son saye. In kana so ka yi magana kafin Juma'a.

Yayarka,
Balki

Arlit, 28 ga Agusta

Yaya Balki,

Ina gaisuwa. A saya. Ki tabbata an kafa borni, duwatsun iyaka, kusurwa huɗu, an kuma sa hannu a takarda gaban mai unguwa da shaidu. Ruwa na ɗaukewa a fara buga tubali, ki nemo Sanusi magini.

Kadi ta kira ni, wai in dakata sai watan sanyi ya wuce. Na tambaye ta dalili, ta ce ƙasar wurin ba ta kwanta mata ba. Ina jin nisan kasuwa take tsoro, za ta saba. Na riga na gaya wa patron, mai garejinmu, ya fara neman wani makanike.

Na gode da wahala. Allah ya bar zumunci.

Cha'ibu

Tunuga, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗiyata Balki,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da gaisuwa gare ki da iyalinki. Ni ne Sumana, mahaifin Kadi. Mushe Adamu, malamin lakwal, makarantar bokon garinmu, shi ne ke rubuta mini, ni Hausata ta kasuwa ce.

Ke na rubuto wa, don kin san tsakanina da ƙanenki akwai kunya. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa kiran sunansa ba, balle in ce masa ya yi kuskure. Ke babba ce, ki isar masa.

Na je na ga filin. Ɗiyata, kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Na damina shi ne jan ruwa, shi kowa ya sani, shi kuka duba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga ƙasashe masu nisa ya iso mana cikin sanyi, ba hadari, ba tsawa. In ya yi girma yakan biyo fadama ta baya ya hau inda ruwan sama ba ya tsayawa. Ba kowace shekara ba. Ni dai sau huɗu na jefa taru a gindin giginyun nan, kuma shaidar ruwan tana jikinsu, daidai ƙirjina.

Masuntan da ke saukowa daga sama sun ce na bana babba ne. In ba a fara gini ba, a dakata. In an buga tubali, a kwashe shi a kai tudu. Filin ba asara ba ne, yana yin shinkafa da albasa.

A yi mini afuwa in na shiga abin da ba nawa ba. Allah ya tsare mu duka.

Sumana

Gaya, 15 ga Disamba

Cha'ibu,

Gaisuwa da albishir. Gini ya kai taga! Sanusi magini ya ce sati uku a ɗora kwano. An kawo ƙofofi da tagogi daga wurin mai walda, suna jingine cikin ɗakin da zai zama naka. Ɗiyarka Nuriya har ta zaɓi kusurwar da za ta sa tabarmarta.

Masu surutu ba su ƙarewa, ni ban da lokacinsu. Sama tas take, ko gajimare ɗaya babu. Ka miƙa wa patron takardar ajiye aiki, ka fara ɗaure kaya.

Yayarka,
Balki

Gaya, 21 ga Janairu

Ƙanena Cha'ibu,

Ina gaishe ka. Na ɗauki waya sau uku ina ajiyewa, shi ya sa na rubuto.

Gidan ya faɗi. Ruwa ya hau filin.

Ba ruwan sama aka yi ba. Ranar Litinin Sanusi ya ce ƙasa ta yi danshi a bayan gini. Talata ruwa ya rufe borni. Ba gudu yake ba, tahowa yake a hankali, baƙi ƙirin, da sanyi. Tubali ya sha daga ƙasa, ranar Alhamis bangon gabas ya zauna, sauran suka bi shi. Maƙwabtan nan uku ma sun fake a lakwal da kayansu.

Ƙofofi da tagogi sun tsira. Baba Sumana ne ya zo da jirginsa tun Talata da safe, shi da wasu masunta biyu, suka kwashe su. Ba wanda ya aike shi. Jiya na roƙe shi ya kai ni in gani da idona. Ya tuƙa ni har tsakiyar ɗakinka, ya soka gora, ruwan ya kai cinya. Tun tafiya har dawowa bai ce mini komai ba sai “Ki zauna tsakiya, ɗiyata.” Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Tun Nuwamba ya rubuto mini, ya faɗi duk abin da zai faru, ya ce in isar maka. Ban isar ba. Na karanta, na ji haushi wai masunci zai koya mini zaɓen fili a garin da aka haife ni, na cusa takardar cikin kwalla na rufe. A lokacin tubali kawai aka buga, amalanke biyar sun isa su kwashe shi. Ga ta nan na haɗo maka da wannan.

Kadi ba ta yi kuka a gabana ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: “Yaya, takardar Baba ta isa Arlit?” 

Guminka na shekara goma sha ɗaya ne, na sani. Ina jin kunyarka, ina jin kunyarta. Ka faɗi duk abin da za ka faɗa mini, na cancanta.

Yayarka,
Balki

Arlit, 27 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta duka biyun.

Ba zan ce ban ji zafi ba, kwana biyu ban iya riƙe sufana ba. Amma tun Agusta Kadi ta ce in dakata, ni ma ban saurare ta ba. Laifin namu ne mu biyu.

Ki bar wa Baba filin ya noma. Ki je ki duba na hanyar Doso in yana nan, wannan karon Kadi ce za ta ce e ko a'a. Ƙofofin a ajiye su inda ba za su yi tsatsa ba, za su jira.

Na koma wurin patron jiya. Ya riga ya ɗauki wani, amma ya karɓe ni a sashen taya. Na sa hannu a kan aikin shekara uku. Kada ki gaya wa yara, ni zan gaya musu da bakina.

Na barku lafiya.

Ƙanenki,
Cha'ibu