Kan Sarki Arba'in da Biyu

Sekondi, 3 ga Maris, 1994

Jikata Kukua,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da uwarki Araba kuna lafiya. Ni ce Aba, kakarki da ba ki taɓa gani ba. Kada ki yi wa rubutuna dariya, aji uku na yi aka cire ni aka zaunar da ni gaban keken ɗinki. Wata mai sarin busasshen kifi ce ta ba ni adireshinki. Ta ce kin zama malamar makaranta a can Kodebuwa, kuma wai goshina kika ɗauko. Allah ya ba ki haƙuri.

Kakanki Egya Quansah ya rasu bara. Asabar ɗin ƙarshen watan Mayu za a yi addu'ar cikar shekara. Ki gaya wa uwarki, wanda ya kore ta don ta auri masunci yana ƙarƙashin ƙasa, ƙofa a buɗe take. Shekara ashirin da uku ba ko layi ɗaya daga gare ta. Fushin ya isa haka nan.

Ya bar littattafansa na tara kan sarki, guda bakwai. Da yana shafa ni yadda yake shafa su, da 'ya'ya goma na haifa. Ku zo ku kwashe kafin in hura wutar dafa kenke, tuwon masararmu, da su.

Ki huta lafiya.
Kakarki, Aba Tawiah

Sassandra, 29 ga Maris, 1994

Nana Aba,

Ina gaishe ki yadda ake gai da babba. Wasiƙarki ta iso.

Mama ta rasu, shekara biyu ke nan. Kin ce ba ko layi ɗaya. Duk Kirsimeti da duk Ista sai ta rubuta miki, tun daga shekarar da ta bar gida, zuwa akwatinku na gidan waya. Ta aiko da hotona ina rarrafe. Ta aiko da labarin nutsewar kwalekwalen Baba. Ba ki amsa ko ɗaya ba. Yanzu da mijinki ya mutu gida ya yi miki faɗi, kin tuna kina da 'ya.

Ki riƙe littattafanku. Ina roƙon kada ki sake yi mini wasa, ba mu saba ba.

Allah ya ƙara miki lafiya.
Kukua Eshun

Sekondi, 20 ga Afrilu, 1994

Kukua,

Ina gaishe ki. Kwana huɗu na yi ban buɗe shago ba. Da farko na ce ƙarya kike yi, irin ta masunta. Sai na tuna mabuɗin akwatin gidan wayar nan bai taɓa barin aljihun kakanki ba.

Bari ki ji irin aikin da nake yi masa. Shi ba ya manna kan sarki da gam. Akwai wata leda da yake sayowa dogo-dogo, bayanta baƙi, gabanta garau. Kowane kan sarki sai an yanka masa 'yar rigarsa, a bar sarari kamar kaurin farce kowane gefe, don kada haƙoran nan na bakinsa su lanƙwashe. Ya ce haƙori ɗaya ya karye, shara ke nan. Hannunsa na rawa, ni kuwa tela ce, don haka ni ke aunawa, ni ke yankawa. Shi zai kawo kusurwar ambulan a yage. Ni zan kawo ruwan ɗumi a kwano, ya jiƙa, takardar ta saki, ya shanya a kan tsohuwar jarida. Da hannu ma ba ya bari in taɓa, sai da ɗan hantsaki.

Na taɓa tambayarsa, "Egya, wa ka sani a Kodebuwa?"

Ya ce, "Abokin musaya ne, wani Musye. Ke dai yanka, ga shi kin karkace."

Na ce, "Musyen nan ya fi surukanka zumunci." Har dariya ya yi.

Da wasiƙarki ta zo na sauko da littafi na shida, na Kodebuwa, na ɗauki gilashinsa na dubawa. Hatimin da ke kan kowane ɗaya Sassandra ne. Ya rubuta kwanan wata da fensir a ƙasa, Disamba, Afrilu, Disamba, Maris. Arba'in da biyu na ƙirga. Ba wanda ya rasa haƙori. Ni na yi musu riguna duka, ina yi ina zagin uwarki a zuci.

Na zazzage akwatunansa, na farke katifa. Wasiƙun babu. Kusurwa kawai yake ajiyewa.

Fasto ya ce in ba shi abin da za a karanta ranar addu'a, wai kowa ya san marigayi da kula da ƙananan abubuwa. Na ce ya rubuta hakan, gaskiya ne.

Ga na ƙarshen nan na ciro na sa miki a ciki, da rigarsa. In kin san abin da ta rubuta a wasiƙar da ya zo a kanta, ki gaya mini, ko zagi ne. Kuma ki zo.

Kakarki, Aba

Sassandra, 11 ga Mayu, 1994

Nana,

Na gaishe ki. Na gane shi. Ni na lasa na manna, lokacin hannun Mama ba ya iya riƙe komai. Ni kuma na rubuta, tana faɗa. Ba zagi ba ne. Cewa ta yi ki zo ki yi mata wanka in ta cika, ba ta son baƙi su taɓa ta. Sati bakwai ta jira. Matan coci ne suka yi.

Shekara ashirin da ɗaya abin yana hannunki, ba ki duba hatimi ba sau ɗaya. Wannan ban san yadda zan yi da shi ba tukuna.

Ba zan zo addu'ar mijinki ba. Kabarin Mama na bayan cocinmu, wajen bakin ruwa. Motar zuwa nan na tashi daga Takoradi, kusa da ku, ran Talata da Juma'a.

Ki huta lafiya.
Kukua