Motar Burodin Kaka Ta Shaƙe

Zuwa ga amaryata Bakanikiya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan garejinku da duk masu baƙin hannu irin naki. Na san za ki ce me ya hana ni kira. A waya kunnena ba ya kama magana, kuma rubutun da na koya a ajin yamma da furfura a kaina, ba zan bar shi ya yi tsatsa ba.

Motar burodi ba ta da lafiya. Wata fitila mai ruwan lemo ta kama a gaban sitiyari, da hoton ɗan akwati mai ɗigo-ɗigo, ta ƙi mutuwa. Ƙarfin motar ya ragu, hawan da ke bayan gidan burodi ma sai na lallaɓa ta. Mai kantin kwana ya ce yanzu burodina yana iso masa ne bayan mutane sun gama karyawa.

Bakaniken layinmu ya leƙa ƙasanta, ya ce matatar da ke cikin salansa ce ta toshe, a bar shi ya huda ta ya kakkaɓe cikin, kowa ya huta. Babanki kuwa ya samu abin da ya daɗe yana nema. Wai mota ta tsufa, direba ya tsufa, a sayar in zauna a gida. In zauna in yi me? In riƙa korar ƙudaje?

Abin da ke ba ni haushi, babu wanda ya kai ni tattalin mota. Ba na gudu. Duk kantin da na tsaya sai na kashe ta ta huta. In na ji fanka ta tashi da ƙara, wari kamar na ƙarfe mai zafi yana fitowa, nan take nake gangarawa gefe in kashe har ta huce. Ki gaya mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Allah ya yi miki albarka.
Angonki, Kaka

Tsohon angona,

Ina gaishe ka da kyau, a gaida mutanen gida. Maigida ya leƙa wasiƙarka ya ce rubutunka ya fi nasa karantuwa.

Kada ka yarda a huda komai. Matatar nan ita ke tare kunkunniyar dizal kada ta shiga ƙirjin mutane, har da naka. In ta cika, motar da kanta take ƙone ta, amma sai salansa ya yi zafi sosai. Ƙarar fanka da warin da kake ji, lokacin ne ta fara ƙonawa. Kai kuma sai ka kashe. Kaka, tausayinka ne ya shaƙe ta.

Ka zaro sandar baƙin mai tukuna. In man ya haura alama, ko yana warin dizal, a canza shi da irin wanda littafin motar ya ce. In fitilar tana ƙiftawa, ko ta inji ta kama tare da ita, kada ka je ko'ina sai na zo da na'ura. In kuwa ita kaɗai ce kuma a tsaye take, ka cika tanki, ka hau babban titi, ka sa giya ta huɗu, ka riƙe ta da gudu ɗaya kamar rabin awa. Ta yi ƙara, ta yi wari, kada ka kashe. Ka tafi da Baba ya gani da idonsa.

Ka huta lafiya.
Amaryarka

Amaryata, likitar motoci,

Gaisuwa da babbar murya!

Man ya ɗan haura, na sa aka canza. Fitila a tsaye take ita kaɗai. Babanki ya shiga gaba yana ɓata rai, ya ce ya zo ne don ya taya ni turi.

Da muka hau babban titi na danna totur yadda ban taɓa yi ba tunda na saye ta. Can sai fanka ta tashi, warin nan ya cika mota. Hannuna ya tafi wajen makulli da kansa, sai da na mayar da shi kan sitiyari.

Babanki ya riƙe ƙofa ya ce, "Baba, wuta za ta kama! Tsaya!"

Na ce, "'Yarka ta ce kada in kashe."

"Ita tana can gareji, ni ne a ciki!"

"To riƙe da kyau."

Mun wuce gidan mai na biyu sai ya saki ƙofar. Ya matso da fuskarsa gaban sitiyari, ya goge gilashin da babban yatsa, ya ce, "Ta mutu." Na ce wa? Ya ce fitilar.

A dawowa motar nan ta haye hawan gidan burodi kamar ba ta san da shi ba. Na tsaya wajen bakaniken layinmu na karanta masa wasiƙarki da bakina, ya saurara har ƙarshe ya ce a gaishe ki. Na karanta wa mai kantin kwana. Na karanta wa wata mata da ta zo sayen sabulu, ko mota ba ta da ita. Duk wanda ya tambaya waye ya gyara, ina cewa jikata ce, kuma ko taɓa motar ba ta yi ba.

Allah ya ƙara miki basira, ya tsare mini yatsunki.
Angonki mai alfahari da ke, Kaka

'Yata,

Bayan gaisuwa, da fatan aiki lafiya. Maganar sayar da mota na janye. Kin yi ƙoƙari.

Amma ki rubuta wa kakanki, ki fayyace masa sau nawa ake hawa babban titin nan. Yanzu kullum in ya gama rabon burodi sai ya tafi, wai umarnin likita ne. Jiya ya ɗauki kakarki, ta dawo ba ɗankwali.

Ni ba ya jin maganata.

Babanki