Man Shanun da Inna Ta Aiko

Barikin Soja, Kaduna

Yaya Aƙilu,

Bayan gaisuwa, yaya Inna da mutanen Jalingo?

Wa ya aike ka ka nuna wa Inna hotona, ka ce ciwo ne ya ramar da ni? Ga shi ta aiko man shanu har kwalba uku! Lafiyata ƙalau. Likita ne ya ce ƙiba za ta kashe ni, Saje ya sa ni ɗaga ƙarfe kowace safiya. Ran farko sandar ƙarfen kawai ta kayar da ni, aka yi ta dariya. Hannuna duk ya yi kanta, amma ba komai.

Man kuwa na rabar. Tumbin da kuke kewa, irinsa ne ya kayar da Baba a kasuwa, bai sake tashi ba. In ka isa, je ka gaya wa Inna wannan.

Ƙaninka,
Maliki