Yaren da Bai San Mace Ba

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
An ɗauke wuta tun safe, sabar tawa ta mutu. Saba dai, don a girmama ta: tsohuwar laftof ce a kan firjin matata Sauda. A kanta manhajarmu take, wadda ke sa wa rubutun Hausa ƙugiya, ta mai da kasa ƙasa. Ni da abokina Paul muka rubuta ta da yaren kwamfuta na Python, muka sake ta kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara. Ɗalibai nan Yelwa sun dame ni da kira, wai shafi ba ya buɗewa. To ni ne mai wutar?

Laraba, 7 ga Mayu
Paul ya dawo da zancensa a guruf: mu mai da ita JavaScript, ta yi aiki cikin wayar mutum, ba ruwanmu da saba. Allah ya kiyaye! Yaren da za ka haɗa ɗaya da ɗaya ya ba ka sha ɗaya idan ya ga dama. Na rubuta cewa JavaScript Hausar bariki ce, ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. An yi ta dariya. Na ji daɗin kaina sosai.

Alhamis, 8 ga Mayu
A barikin Shadawanka aka haifi Paul. Babansa soja ne. Shekara nawa yana ce min "matarka ya kira ka". Wallahi bai zo min a rai ba sai yau, ina alwala.

Talata, 13 ga Mayu
Paul bai fita daga guruf ba, bai kuma ce uffan ba. Da ma zagina ya yi.
Sauda ta ce, "Baban Ummi, ka je gidansa mana, keke ɗaya ne." Na ce ai wasa ne, ya san halina. Ta ce to me ya hana ni cin tuwo.

Asabar, 17 ga Mayu
Ya kwashi manhajar ya buɗe nasa reshen. Haƙƙinsa ne, ni da bakina nake wa mutane wa'azin haka. Ya bar sunana a sama da nasa. Wannan ya fi ci min rai.
Na duba aikin ina neman abin kushewa. Akwai ƙazanta, amma yana gudu ko babu data. Kuma jerin kalmomin da muke taƙama da shi, yawanci shi ya tara. Saboda ba da ƙugiyar ya tashi ba, kowace kalma sai ya tambaya, ya tabbatar. Ni da na gada ban taɓa zama na yi ba.

Lahadi, 25 ga Mayu
Wuta lafiya lau kwana biyu, babu wanda ya leƙo sabar. Fankarta kawai ke ta kuka.
Har yanzu ina nan a kan bakana, Python ya fi tsabta. Sai dai ban da wanda zan gaya wa.

Litinin, 2 ga Yuni
Na ga kuskure a nasa, yana sa wa "baki" ƙugiya ko bakin magana ake nufi. Na gyara. E, da JavaScript ɗin, ba wai ya burge ni ba ne. Na tura tare da sallama doguwa, har da tambayar matarsa Matta da yara.
Ya karɓi gyaran kafin la'asar. Ya amsa da ladabi, layi uku, duk da Turanci. Tun da na san Paul bai taɓa yi min Turanci ba.
Na ce wa Sauda ta tashe ni da wuri gobe, ina da saƙo a wajen unguwarsu.