Wa Ya Ɗaure Kwandon, Zaituna?

Garki, Abuja.

Zuwa ga Zaituna, sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, zumar da ba ta ginsata,

Gaisuwa mai yawa daga garin da har yanzu tifofin yashi suka fi mutane yawa. Kin tuna ranar da aka loda takardun ma'aikatarmu a Ikko, aka ce gwamnati ta tashi, ta koma Abuja? Kika riƙe bakin rigata a gindin mota, idonki ya ciko, kika ce in yi gaba, sashenku na ma'aikatar na nan tafe, za ki iske ni. Wayyo, da wannan maganar nake karyawa kowace safiya!

Tun daga ranar, duk sawun da Maliki direba zai yi zuwa Ikko, sai na cika kwando da lemon Zuba da doyar Bwari na aika miki. Ke kuwa 'yar gidan mutunci ce, ba kya mayar da kwando wayam. Yau busasshen kifi, gobe yajin daddawa, baki a rufe da ƙyalle, da ɗaurin nan naki mai sauƙi wanda da yatsa ɗaya nake kwancewa. Amsar da nake karantawa ke nan, ta fi mini takarda.

To, kwandon shekaranjiya fa? Babu komai a ciki, kuma an tamke shi da ƙullin 'yan kwale-kwale, sai da na sa wuƙa. Hannun wa ke nan, Zaituna? Yaushe yatsunki masu laushin auduga suka koyi wannan? Na tambayi Maliki, sai ya hau duba tayar motarsa, alhali lafiyarta lau. An ce inuwar giginya na nesa ka sha, ni ga ni nesa, amma rana ke dukana! Ina kishi, ina zargi, ina jin kunyar zargin, ya kuma ƙi sakina.

Motar ƙarshe ta sashenku za ta taso mako mai zuwa. Don Allah ki shigo ta, ko ki aiko mini da gaskiya komai ɗacinta. Zan tsaya inda ake sauke ma'aikata ina leƙa kowace taga. In kin sauko ke kaɗai, ba zan ƙara tambayar komai ba. In kuma da wani kika sauko, ni zan sauke miki akwatinki, sannan na juya kafin ki ga idona.

Naki, ko kin zo ko ba ki zo ba, har numfashina ya ƙare,
Yamusa